Da Sauƙi, In Ji Goggo Maryama

Duk wanda ya taɓa zama a lungunmu na Rusaifa, can gindin dutse inda mota ba ta juyawa sai direba ya yi salati, ya san gidan Goggo Maryama ko da bai san sunanta ba. Hanci ne ke kai mutum. Da an idar da sallar asuba ƙamshin waina ke fitowa ta ƙofar nan mai koren fenti, magina da masu shara da direbobin bas su yi layi da robobinsu, ita kuma tana zaune gaban tanda, tana juya waina tana juya mutane da baki. Wanda ya yi aure bai gaya mata ba ya sha faɗa, wanda ta ga ya rame a ƙara masa biyu ba tare da ya roƙa ba.

A Makka aka haife ta, a ɗakin ƙuryar wannan gida. Mahaifinta, Malam Usaini, mutumin Kazaure ne. Da ƙafa ya taho aikin hajji yana saurayi, ya yi ƙodago a gonakin Sudan, ya tsallake teku, da ya yi ido biyu da Ka'aba ya ce shi kam ya iso, mai sauran tafiya ya ci gaba. Da hannunsa ya fasa duwatsun da ya gina ɗakin ƙuryar nan. Sauran gidan, zaure da falo da kicin, mijinta marigayi Idris ne ya ƙara su da bulo daga baya. Goggo 'yar ƙasa ce, da katinta da komai, kuma in tana ciniki da Larabci a kasuwa ba ka raba ta da kowace Bamakkiya. Amma cikinta Bahaushiya ce ta dā, irin wadda ko a Kazauren yanzu sai an tona. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in ta durƙusa gaisuwa sai ka rantse jiya ta baro can.

'Ya'yanta biyu. Hatim shi ne na fari, yana aiki a tashar bas ta Kudai, a can yake haya da iyalinsa a bene hawa na sama. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce "kai" in yana kusa, "wancan" in ba ya nan. Auta kuwa Raghad, tana aure a wata unguwa mai nisa, tana aiki a kantin magani. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai Hausar ta fito tana ɗingishi.

To, akwai wata kalma da ta zama kamar sunan Goggo na biyu: da sauƙi. Lokacin da man gyaɗa ya kwaro mata a hannu har fata ta saɓule, muka je dubiya, da sauƙi. Lokacin da Malam Idris ke kwance a asibiti likitoci sun riga sun sunkuyar da kai, ya jikin Malam, da sauƙi. Washegari aka yi masa sallah a Harami. In an yi mata tsiya a kan haka sai ta ce abin da mahaifiyarta ta koya mata ke nan: ba a kai ƙarar Allah wurin bayinsa, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ranar da guguwar ta zo, bayan la'asar ne. Gari ya yi wani irin shiru, sama ta yi ja, sannan ta yi baƙi, sai iska ta taso kamar an kwance ta daga turke. Kwanon rumfar da Goggo ke suya a ƙarƙashinta ya tashi sama, sai a lungu na gaba aka tsince shi a nannaɗe. Tankin ruwan saman gida ya faɗo tsakar gida ya dare. Duk wannan wasa ne. Mutanen Makka ba ruwan sama suke tsoro ba, abin da ke biyo bayansa suke tsoro, wato sel, ruwan da duwatsu ba sa sha, sai su tattaro shi su sako wa na ƙasa gaba ɗaya da yashi da duwatsu da shara. Gidan Goggo shi ne na farko a bakin hanyarsa. Ya buge bangon baya, ya shigo ta taga, ya kai mata ƙugu. Rahmatu, maƙwabciyarta 'yar Maraɗi mai aikin goge-goge a otal, ita ta ja ta zuwa matakalar soro, suka tsaya a nan suna kallon katifu da buhun shinkafa da tandar waina suna fita ta ƙofa kamar masu zuwa biki.

Da ruwa ya janye, Goggo ta shiga ɗakin ƙurya ita kaɗai. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ja ƙofar, ta datse da kwaɗo, ta ɗaure ɗan mabuɗin a bakin mayafinta.

Washegari da hanya ta buɗe 'ya'yan suka iso. Hatim ya tsaya cikin taɓo har ƙauri ya ce ta haɗa abin da ya saura su tafi Kudai. Ta ce a kan wane dalili, gida yana tsaye? Ya tambayi ɗakin ƙurya, ta ce mabuɗin ya bi ruwa. Raghad kuwa ba ta tsaya gardama ba, ta zaro wayarta. Gwamnati ta riga ta yi shela cewa duk ɗan ƙasar da ruwa ya yi wa ɓarna ya shigar da buƙatarsa, za a turo lajna, wato 'yan kwamiti, su gani da idonsu, sannan a ba da tallafin gyara daidai da abin da suka gani. Nan take ta shigar da sunan mahaifiyarta. Da za ta tafi ta riƙe mata hannu biyu.

"Ummi, ji ni da kyau. Lajna za su zo. Kada ka taɓa komai."

"Ki ake cewa. Ni ba namiji ba ce."

"Kada ki taɓa komai, Ummi. Wallahi komai."

"Na ji."

Ta ji ɗin, amma ba abin da aka faɗa ta ji ba. Abin da ya shiga kunnen Goggo shi ne za a yi baƙi, maza, manyan hukuma, kuma za su same ta cikin caɓi da warin rima kamar wadda ba ta da kowa. Ita da ko tsinke ba ta bari ya kwana a tsakar gidanta.

Mu kuma 'yan lungu, kowa ya san halinmu, ba ma jira a kira mu. Washegari kafin azahar an yi gayya. Mata suka kwashe taɓo da bokitai, aka wanke daɓe har yana ƙyalli. Rahmatu ta kawo turaren wuta. Saudat ta bayan masallaci ta aro mata kafet da matasan kai. Ruɓaɓɓun katifu da firjin da ya mutu aka ɗora wa motar shara. Ɗanladi magini, wanda ya shekara da shekaru yana cin wainarta, ya zo bayan ya tashi daga aiki da bokitin farin fenti, ya shafe layin nan mai ruwan ƙasa da sel ya zana a bango daidai ƙugun mutum. Kowa na aiki yana jin yana samun lada.

Ɗanladi kaɗai ta buɗe wa ɗakin ƙurya, don ya tura mata babban kabad zuwa bangon baya. Ya sa kafaɗa zai tura sai ya tsaya. Bangon ya tsage tun daga ƙasa har rufi, tsagar da hannu ke shiga, ana hango hasken rana ta ciki.

"Goggo, wannan fa ba aikin fenti ba ne."

"Na ce maka aikin fenti ne? Tura."

"In aka ƙara ruwa irin na shekaranjiya..."

"Ɗanladi, da ido ka gani. Ban ce ka gani da baki ba."

Ya tura. Amma ya fita yana waiwaye, kuma ranar ko shayin da aka zuba masa bai sha ba.

A nan sai na tsaya na gaya muku abin da ke cikin ran Goggo, don kada ku ɗauka kunya ce kaɗai. Ta ga abin da ya faru a unguwar Nakkasa. Aminiyarta Rahama a can ta tsufa, har ranar da aka zo aka rubuta kalma ɗaya da jan fenti a bangonta: izala, wato rusau. Rahama ta samu wurin zama mai kyau a wani bene, da lifta da komai, amma ba ta ƙara sanin sunan maƙwabcinta ba. Goggo ta je dubiya sau ɗaya ta dawo ta ce ta ga kabari mai na'urar sanyi. Tun daga nan ta ƙulla a ranta cewa hukuma in ta ga tsaga a bango, jan fenti ke biyowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa ba ta shirya buɗe wa ƙadangare ƙofa ba.

Lajna suka zo da hantsi, ba sanarwa, Raghad na can bakin aiki. Su uku ne, biyu manya, ɗaya matashi mai gilashi, shi ne muhandis, injiniyan da ke duba gini, sunansa Rakan. Sun sha yawo tun safe cikin gidajen da taɓo ya kai gwiwa, bakin rigunansu duk ya yi ja. Suka yi sallama suka shigo, sai ga falo fari tas, kafet shimfiɗe, turare na tashi.

Babbansu ya ɗora hannu a ƙirji, ya kira ta hala, wato inna da Larabci, ya ce, "Salamat, ya hala. Allah Ya sa iyakarsa ke nan."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Wannan a kunnen Goggo jaje ne, kuma jaje yana da amsarsa da ba a canzawa. Ta zaunar da su, ta kawo gahawa da dabino, ta kawo wainar da ta soya a tandar aro. Suka ce aiki suke, ta ce ba a shiga gidan Malam Usaini a fita da baki a bushe.

Muhandis Rakan ya kurɓi gahawa ya tambaye ta da Larabci, yaya ɓarnar take?

Da sauƙi ta taso mata daga ciki kamar numfashi, ta juya ta zuwa Larabci a kan harshe: "Basiɗa. Alhamdulillah, basiɗa."

"Ruwan ya kai ina?"

"Ya ɗan shigo, ya fita abinsa."

"Kayan gida fa?"

"Ɗana, tunda Allah Ya tsare rai, kaya ai na duniya ne."

Ya tashi ya zaga. Ya shafa bangon falo, ya dubi yatsansa, ya shinshina iska. Ya nuna ƙofar da ke datse. Ta ce ɗakin ajiya ne, tarkacen mata. Yaro mai tarbiyya ne, bai matsa ba. Suka yi godiya suka fita zuwa gida na gaba, inda matar gidan ta tare su tun daga ƙofa da kuka da ruɓaɓɓen kafet a hannu.

Da yamma Goggo ke ba Rahmatu labari tana murmushi. "Yaran kirki. Kin ga har gida suka zo yi mini jaje."

Rahmatu ta saki baki. "Jaje? Goggo, me kika ce musu?"

"Me ake cewa?"

"Wayyo ni Rahmatu. Mu da ba mu da katin ƙasa muna kallon tallafin nan kamar nama a hannun kura, ke an kawo miki har ɗaki kin ce kin ƙoshi!"

Ba a daɗe ba saƙo ya shigo wayar Raghad: an duba gidan, ɓarna basiɗa ce, ba ta kai a ba da tallafi ba. Kalmar Goggo ce aka mayar mata, ba a ƙara ko wasali ba.

Ranar Juma'a 'ya'yan suka zo su biyu, ba jikoki, ba tsaraba. Raghad ta tsaya tsakiyar falo tana juyawa, tana kallon farin bango da kafet ɗin Saudat, idonta ya kawo ruwa.

"Ummi, ina taɓon? Ina katifa? Ina firji?"

"Kina so baƙi su same ni kamar mahaukaciya a juji?"

"Ba baƙi ne ba! Lajna ne! Aikinsa ya ga taɓo!"

"Sun ce mini salamat."

"Kowa yana cewa salamat, Ummi! Mai taksi ma yana cewa salamat!"

Hatim kuwa ya koma gefe. Yana tsugune yana kallon bango. Layin da Ɗanladi ya shafe ya fara dawowa ta cikin sabon fentin, rawaya-rawaya, daidai inda yake a dā, fentin na kumbura yana ɓarewa. Ya bi layin da ido har inda ya shige ƙarƙashin ƙofar ɗakin ƙurya. Ya miƙe ya miƙa hannu.

"Umma, mabuɗin."

"Na ce maka ya bi ruwa."

"Kwaɗon sabo ne. Ɗanladi ya same ni a tasha, ya kasa kallon idona. Ko ki ba ni, ko na ɓalle."

Ba ta ba shi ba, ba ta hana shi ba. Ya ɓalle. Ya ture kabad ɗin, haske ya faɗo cikin ɗakin ta tsagar, ya kwanta a ƙasa kamar sanda. Tsagar ta ƙara buɗewa, yashi na zubowa a hankali daga cikinta. Gefe guda ga tabarmar sallarta a shimfiɗe da filo. A nan take kwana.

Hatim mutum ne mai sanyi, ba a taɓa jin muryarsa a waje ba. Ranar har bakin masallaci an ji.

"A ƙarƙashin wannan kike kwana? Ni ba ni da abin da zan tayar da bangon dutse, kin sani. Gwamnati ta miƙo hannu kin mayar. To ga magana ɗaya. Akwai damar neman a sake dubawa, sau ɗaya tak. In sun dawo kika gaya musu gaskiya, to. In kika sake ce musu basiɗa, wallahi da hannuna zan rufe gidan nan, na ɗauke ki zuwa Kudai ko kina tsine mini."

"In na nuna musu, su rubuta ja."

"Wataƙila."

"In ban nuna ba, kai ka rufe."

"Na rantse."

Ta dubi Raghad, ta yi magana kamar ba ya wurin. "Kin ji yayanki. Gaba kura, baya sayaki."

Raghad ta shigar da neman sake dubawa. Aka sa sabon kwaɗo, wannan karon Hatim ne ya sa, don kada ta koma kwana ciki, amma Goggo ta ce ita ba a riƙe mata mabuɗin ɗakin ubanta, ya ba ta bayan ta yi alkawari. Kwanakin da suka biyo baya ba a soya waina ba. Masu robobi su zo su ga ƙofa a rufe su juya. Wayoyinmu kuma sai ƙara suke da saƙon gargaɗi: ana sa ran wani ruwan, a nisanci magudanai. Kullum da yamma hadari ya taru a kan duwatsu, ya yi baƙi, mu fito mu tsaya muna kallonsa muna kallon bangon Goggo, sai ya watse. Ɗanladi ya jera buhunan yashi a bayan gidan, yana yi yana cewa wannan ai tare kogi ne da faifai.

Ranar da lajna suka dawo, hadarin bai watse ba. Bayan azahar ne amma gari ya yi duhu kamar magariba, iska na kaɗa ledoji a lungu. Muhandis Rakan ne da babban nan nasu. Wannan karon ba gahawa, Raghad ta ɓoye butar tun safe. Hatim ya tsaya a bakin zaure ya harɗe hannu, mabuɗin motarsa a yatsa. Rahmatu da Ɗanladi da mu sauran muna tsakar gida, wai mun zo kwashe shanya.

Raghad ta fara bayani da Larabci, tana sauri kamar mai karanta takardar magani. Ta nuna layin da ya dawo a bango, ta faɗi tanki, ta faɗi firji. Rakan ya saurara har ta gama, sannan ya ce da ita cikin ladabi, ya ji, amma shi ya zo gidan nan da ƙafarsa, ya tambayi mai gidan da bakinsa, ta ba shi amsa da nata. Abin da ta faɗa da abin da ya gani ya rubuta. Layi a bango kowane gida a lungun nan yana da shi. In akwai abin da ya fi haka, daga bakinta yake son ji.

Ya juya ya durƙusa daidai inda take zaune a kan kafet ɗin aro.

"Ya hala, na sake tambayarki. Yaya ɓarnar take?"

Aka yi tsawa can bayan dutse. Goggo ta dubi ƙasa. Hannunta na kan kullin bakin mayafinta, tana murza shi. Duk wanda ya san ta ya san abin da ke tahowa, don shekara sittin da wani abu bakin nan bai san wata amsa ba. Raghad ta rufe ido. Hatim ya juya mabuɗin mota a yatsansa.

"Ba..." in ji Goggo, ta tsaya.

Daga wannan "ba" hanya biyu ce, ɗaya ta tafi basiɗa, ɗaya ta tafi inda ba ta taɓa zuwa ba. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwanon maƙwabta, ƙwas.

"Babu sauƙi."

Da Hausa ta faɗa, a hankali, kamar mai cire ƙaya. Rakan ya dubi Raghad. Raghad ta buɗe baki za ta fassara. Goggo ba ta jira ba, ta ci gaba, yanzu da Larabcinta na Makka tsantsa, ba ta kallon kowa. Ruwa ya kai mata ƙugu. Ya tafi da katifu, da abinci, da tandar da ta gada wurin mahaifiyarta. Ita ta sa aka share, ita ta sa aka shafe, don a gidansu ba a tarbar baƙo da ƙazanta, kuma wanda ya ce maka sannu ba a buɗe masa ciwo. Sannan ta kwance kullin mayafi, ta miƙe da ƙyar, ta je ta buɗe ɗakin ƙurya da hannunta, ta matsa gefe.

Rakan ya shiga ya tsaya. Ya ce, "La haula wala ƙuwwata." Ya juyo ya ce kowa ya koma baya.

Ya daɗe a kan bangon nan. Ya haska fitilar waya cikin tsagar, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya fita cikin yayyafi ya zaga baya, ya dawo rigarsa a jiƙe. Ya tsuguna inda dutsen Malam Usaini ya haɗu da bulon Malam Idris, ya tona da ɗan ƙarfe, ya kira abokin aikinsa suka yi ƙus-ƙus. Ruwa na ƙaruwa. Daga saman lungu mun fara jin wannan gurnanin da kowa ya sani, ƙaramin sel ya taso, yana lasar buhunan Ɗanladi. Goggo na tsaye riƙe da ƙyauren ƙofa. Da ta ga ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ta kasa haƙuri.

"Ɗana, ja za ka rubuta?"

Bai gane ba, sai da Hatim ya ce masa izala take nufi.

Ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce ba zai ɓoye mata ba, ɗakin nan ya gama aikinsa. Ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashinsa, dole a sauke shi tun bai sauke kansa a kan mutum ba. Amma sauran gidan a kan nasa tushen yake, bai motsa ba. In an sauke ɗakin aka tayar da katanga mai ƙarfi ta tare ruwa a wurinsa, gida zai zauna. Abin da zai rubuta ke nan, kuma zai rubuta cewa ɓarnar babba ce. Sai dai daga yau ba za ta kwana a nan ba har a gama, hukuma na da masaukin da take sauke waɗanda ruwa ya tasa.

"Har a gama," Goggo ta maimaita. "Sannan na dawo?"

"Sannan ki dawo, in sha Allah." Ya ɗan yi murmushi. "Amma ya hala, ranar nan na ji warin sabon fenti a ƙarƙashin turaren. Na ce a raina, wannan baiwar Allah ko dai ba abin da ya same ta, ko kuma komai ya same ta."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗakin, Hatim na cewa Umma, Umma, ta naɗe tabarmar sallarta, ta tsaya ta ɗora tafin hannu a kan dutsen bangon, ta ɗan jima, ta fito. A cikin ruwan nan aka sa ta a mota. Ba ta waiwaya ba, mu ne muka yi ta waiwaye a madadinta.

Tallafin ya fito bayan an sha jira da kai da kawowa, Raghad ta rame a kan bibiya. Goggo ta yi zamanta a masaukin hukuma tana kirga mutanen da ba sa amsa sallama. Ranar da za a sauke ɗakin ƙurya ta ce ba za ta zo ba, kuma ba ta zo ba. Ɗanladi ne ya roƙi masu aikin kada su zubar da duwatsun duka. Ya ware masu kyau, ya gina mata dakali da murhu a tsakar gida, ƙarƙashin sabuwar rumfa.

Yanzu gidan ya rage ɗaki ɗaya, inda aka haife ta katanga ce ta siminti mai kauri, ba taga ba ado. Wani lokaci in layi ya yi sauƙi za ka ga ta zuba wa katangar ido har waina ta fara ƙonewa. Amma ƙofa mai koren fenti a buɗe take, kuma ƙamshin ya dawo lungu.

Safiyar farko da ta hura wuta a sabon murhun, Ɗanladi ne a gaban layi da robarsa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Goggo, barka da dawowa. Ya aka ji da wannan ɗawainiya?"

Ta buɗe baki, sai ta rufe. Ta juya waina ɗaya, ta juya ta biyu, ta dube shi ta wutsiyar ido.

"Tsaya tukuna. Tambayar taka ta jaje ce, ko ta lajna?"

"Ta jaje ce, Goggo."

"To da sauƙi. Miƙo robar."